Filin Da Aka Ƙi Sayarwa Sai An Ga Raninsa

Mutanen ƙauyenmu suna ba da labarin yadda makanikin nan da ake kira Yanzu-yanzu ya mallaki gida da filin kiwon Baba Mai Garke ta hanya biyu, kuma duka biyun kuskure ne. Wasu suna cewa tsohon ne ya yi wayo, ya samu makiyayin kyauta tsawon rani guda. Wasu kuma suna cewa makanikin ne mai wayon, ya yi lamɓo har tsoho ya faɗi ya karye, sannan ya saye wurin da araha. Masu faɗin haka ba su kasance a wurin ba. Gidana yana tsallaken hanya, daura da ƙofar filin, kuma tun da na ajiye aikin koyarwa babu abin da ya shiga ƙofar nan ko ya fita ban gani ba. Saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Yanzu-yanzu makanikin manyan motoci ne a birni. Hannunsa yana da kyau, ba ya ha'inci, ba ya sa tsohon ƙarfe ya ce sabo ne. Aibinsa guda ɗaya ne, wato gaggawa. Shayi a tsaye yake sha, kuma kullum sai ya ƙona harshe. In aka yi wa mota fenti, shi ne mutum na farko da zai dangwala yatsa ya ji ko ya bushe. Duk abin da ya sa a yi, sai ya ƙara da cewa yanzu-yanzu yake so, har masu aiki a ƙarƙashinsa suka laƙaba masa sunan, ya bi shi. Da shekaru suka ja, bayansa ya fara ƙin kwanciya a ƙarƙashin mota, sai ya sayar da garejinsa gaba ɗaya, da nufin ya sayi gida da filin kiwo a karkara ya ƙarasa rayuwarsa cikin shanu. Abin da ya samu na garejin shi ne iyakar abin da ya mallaka. In ya zuba shi a wurin banza, babu wani gareji na biyu da zai sayar.

Ya iso ƙauyenmu a ƙarshen damina, lokacin da ko filin da ya fi kowane lalacewa yake sanye da kore. Tare da shi akwai matarsa, da ƙaninta mai sayar da tayoyi, wanda shi ma sha'awar kiwo ta kama shi. Dillali ya nuna musu wuri biyu. Na farko yana gangare, bakin rafi, ciyawa har gwiwa, da gida sabon gini. Ƙanin matar bai bari an shiga wani mako ba ya saye shi. Na biyun shi ne na Baba Mai Garke, a kan tudu: tsohon gida mai faffaɗar baranda, ɗakin ajiyar kayan aiki, turken maruƙa a bayan gida, shingen waya kewaye da filin, da rijiya mai inji wadda take cika dogon komin siminti da shanu ke sha. Yanzu-yanzu ya tsaya a barandar nan ya dubi filin sau ɗaya, ya ce wa dillali a kira mai wurin a gama magana kafin rana ta faɗi.

Baba Mai Garke dogon tsoho ne, mai magana a hankali. Matarsa ta rasu, ganinsa ya fara raguwa, kuma 'yarsa tilo, ma'aikaciyar jinya a birni, ta daɗe tana roƙonsa ya sayar ya koma wurinta. Bukatar sayarwa tasa ce, ba ta mai saye ba. Ya saurari makanikin har ya gama, suka daidaita a kan farashi ba tare da ja-in-ja ba. Sai ya tambaye shi shanu nawa yake nufin zubawa a filin. Yanzu-yanzu ya ce ninki biyu na waɗanda ya gani, domin ga ciyawa nan tana asara.

Tsohon ya ce, “Ɗana, ba zan sayar maka ba yau.”

Makanikin ya ɗauka ƙari ake nema, ya ce zai ƙara.

“Ba ƙari nake so ba. Abin da ka gani yau ba filina ba ne, kwalliyarsa ce. Ka kawo iyalinka ku zauna a ɗakunan gefe. Ka ga raninsa har ƙarshe, ka ga ruwan farko ya sauka a kan rufin nan. In bayan haka kana so, naka ne a kan farashin da muka yi. Kafin nan ba zan ba wa kowa ba.”

Dillali ya kusa yin kuka, domin la'adarsa ce ta koma nesa. Ya ja tsohon gefe ya ce masa ba a taɓa yin ciniki haka ba, mai saye ne ke da alhakin buɗe idonsa. Baba ya amsa masa da cewa shi ma a ƙarshen damina ya sayi filin, daga hannun mutumin da bai gaya masa komai ba, kuma a raninsa na farko ya binne kusan rabin garkensa. Ya ce ya riga ya sa wa ransa ba zai miƙa wa wani wannan kuka ba.

Na ga Yanzu-yanzu a ranar yana kai da komo a bakin hanya kamar wanda tururuwa ta shiga wa wando. Matarsa ce ta tsayar da shi. Ta ce masa tun aurensu ba ta taɓa ganin mai sayarwa ya hana kansa kuɗi don amfanin mai saye ba, kuma tana so ta ga ƙarshen wannan abin mamaki. Haka suka kwaso kayansu suka tare a ɗakunan gefe.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Kowace safiya tsohon zai dogara sandarsa, ya ja makanikin su tafi ya nuna masa wani aibi. Ya nuna masa inda gara ta ci katakon ɗakin ajiya. Ya nuna masa tsagar da ke bangon baya, wadda fenti ya rufe. Ya kai shi kusurwar arewa, ya sa shi ya haƙa da kansa, ya ji dutse a ƙarƙashin ƙasar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Ya nuna masa wata ciyawa mai kyan gani da ke kumbura cikin maruƙa, da kuma wurin da awakin maƙwabci suke ɓarka shinge. Har ni ya nuna masa. Ya ce maƙwabciyarsa ta tsallaken hanya ba ta da sauƙi, in saniya ta taɓa mata shuka sai an ji a jika. Wannan kuwa gaskiya ne.

Ƙanin matar yana zuwa a sabuwar motar ɗaukar kaya, ya tsaya a ƙofa ya yi ta tsokana. Shi tuni ya cika nasa filin da shanu.

“Yaya, ashe sayar da gareji ka yi don ka zama ɗan aiken tsoho? In ka gaji da makarantar, ka zo in ɗauke ka aiki, ni ina biya.”

Yanzu-yanzu yakan ce masa ya je ya ji da tayoyinsa, amma kowa yana ganin maganar tana cinsa. Sau da yawa ya koma wa Baba da zancen a gama kawai, ai ya ga abin da zai gani. Tsohon yakan yi murmushi ya tambaye shi ko ya ga ruwan farko.

Da rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe, sai makanikin ya yi irin kuskuren da sai makaniki zai yi. Tsohon injin rijiyar yana jan ruwa a hankali ƙwarai, komi ba ya cika sai hantsi ya yi sosai. Wannan ya dame shi fiye da komai. Ya kwance injin, ya yi masa gyaran da ya iya, ya ƙara masa ƙarfi. Baba yana zaune a inuwa yana jin ƙarar ƙarafa, bai ce uffan ba. Washegari ruwa ya taho da ƙarfi, komi ya cika nan da nan, makanikin yana ta washe baki yana kiran matarsa ta zo ta gani. Kafin a gama shayar da rabin garken, bututu ya fara tofar da taɓo, daga nan ya yi shiru. Injin ya zuƙe rijiyar fiye da yadda idonta ke kawowa. Sauran shanun suka wuni suna kuka a bakin komi, kukan da har cikin ɗakina yake shiga, kuma sai wayewar gari ruwa ya taru.

Yanzu-yanzu ya tambayi tsohon me ya sa bai hana shi ba. Baba ya ce da ya hana shi, da ya jira ranar da filin ya zama nasa ya yi, a lokacin da babu mai gaya masa yadda zai fita. Ya ƙara da cewa wanda ya haɗa injin a kan wannan tafiyar ba rashin iyawa ne ya sa shi ba. Makanikin ya mayar da injin yadda ya same shi da hannunsa. Daga ranar na lura ya daina tambayar yaushe za a gama ciniki.

Ana cikin tsananin zafi, kusa da ƙarshen rani, Baba ya zame a bakin komi ya faɗi, ƙugunsa ya karye. Makanikin ne ya ɗauke shi ya kai shi asibitin birni. Aka yi masa aiki, amma jikin ya ƙi, zazzaɓi ya shiga, har ya kai ba ya gane masu zuwa duba shi.

Bayan 'yan kwanaki 'yarsa ta zo ƙauyen tare da dillali. Suka aiko a kira ni in zama shaida, shi ya sa abin da zan faɗa yanzu da kunnena na ji shi. Mun zauna a baranda. Matar nan ta rame, idonta ya faɗa, tana aiki tana jinyar uba. Ban ga laifinta ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Ta ce ba za ta iya riƙe asibiti da fili a lokaci guda ba, tana so a gama a yau. Ta ce ta rage farashin sosai. Ta ce in makanikin ya amince, ita za ta kai wa mahaifinta takardun ta riƙe masa hannu ya sa. Dillali ya ƙara da cewa yana da wani mai saye a hannu, attajiri, wanda ba ya bukatar ganin rani ko damina.

Sai mai karatu ya auna abin da aka ajiye a gaban mutumin nan. Wurin da ya yi wata da watanni yana so, ga shi a yau, a kan ƙasa da abin da ya shirya biya. In ya ƙi, tsohon da ya yi masa alkawari yana iya cikawa a kowane lokaci, alkawarin ya bi shi kabari. Matarsa, wadda ta tsayar da shi da farko, ita ce yanzu take taɓa shi da gwiwar hannu tana raɗa masa ya karɓa.

Ya ce, “Baba ya san da wannan zaman?”

'Yar Baba ta ce, “Malam, Baba ko ni ba ya ganewa sosai.”

“To, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Ya ce sai na ga ruwan farko, ban gani ba. In ya farka ya janye maganarsa da bakinsa, shi ke nan. Amma a riƙe hannunsa a sa, a kuma rage masa abin da muka yi da shi yana kwance, wannan ba da ni ba.”

Ranta ya ɓaci. Ta ce masa mahaifinta ne ya yi masa alkawari, ita ba ta yi ba, kuma kada ya zo yana kuka in ya ji an sayar. Ya ce ya sani. Ya ce ko an sayar ko ba a sayar ba, shanun Baba suna hannunsa har mai su ya yi magana.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsanani. Rijiya ta yi ƙasa fiye da yadda ya taɓa gani. Ya raba garken gida biyu, wasu su sha da safe, wasu da yamma, shi kuma ya tsaya a bakin komi cikin rana yana jiran ruwan da ke zuwa siriri kamar zare. Mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce, shi ne na gani yana tsaye haka kullum. Duk da ƙoƙarinsa, wata tsohuwar saniya ta kwanta ba ta tashi ba, maraƙi ɗaya ya bi ta. Matarsa ta yi fushi da shi har ta daina yi masa magana in ban da abin da ya zama dole, amma ban taɓa ganin ta bar shi ya ɗauki buhun dusa shi kaɗai ba.

A cikin haka 'yar Baba ta dawo da dillali da attajirin. Makanikin ya buɗe musu ƙofa, ya zaga da su. Da attajirin ya tambayi halin rijiya, ya gaya masa yadda take, mai kyau da marar kyau, bai ƙara gishiri don ya kore shi ba. Attajirin ya ce shi bai damu ba, zai saya. Ita kuwa 'yar ba ta bi su zagayen ba. Ta tsaya a bakin shinge tana kallon shanun mahaifinta, haƙarƙari a waje amma a tsaye, da mutumin da rana ta ƙone shi a kan dabbobin da ba nasa ba, a filin da ƙila gobe a kore shi daga ciki. Da suka dawo ta ce wa dillali a dakata tukuna, sai mahaifinta ya iya magana. Attajirin ya shiga motarsa ya tafi, bai sake dawowa ba.

Allah ya tashi kafaɗar Baba. Zazzaɓin ya sauka, hankalinsa ya dawo, aka sallame shi zuwa gidan 'yarsa, ko da yake bai sake tafiya ba sai a keken guragu. Ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka. Rufin gidan ya yi yoyo daidai kan gadon babban ɗaki. Kwazazzabon da ke tsakaninmu da babban titi ya cika ya yanke hanya, sai da makanikin ya jira ruwa ya janye kafin ya samu wucewa zuwa birni. Ya nemi in raka shi, tun da ni ce shaidar farko.

Ya durƙusa ya gaida tsohon, ya gaya masa saniyar da maraƙin da suka mutu tun kafin a tambaye shi. Sannan ya jero masa aibobin filin ɗaya bayan ɗaya, har da guda biyu da Baba bai nuna masa ba saboda ya manta. Tsohon ya yi dariya har sai da ƙugun ya motsa masa.

“To, ɗana, ka ga munin filin, babu kwalliya. Har yanzu kana so?”

“Ina so, Baba.”

“Shanu nawa za ka zuba?”

“Ba za su kai naka yawa ba. Rijiyar ba za ta ɗauka ba.”

Baba ya juya ya ce wa 'yarsa ta kawo takardun. Ta tuna wa makanikin ragin da ta yi masa, ta ce maganarta tana nan. Ya ce a kan farashin farko suka yi da Baba, a kansa zai biya. Tsohon ya sa hannu da kansa, idonsa biyu, ni kuma na sa nawa a ƙasa.

Game da ƙanin matar, ba zan tsawaita ba, domin ba abin dariya ba ne. Rafin nan ya ƙafe a tsakiyar rani, ya koma sayen ruwa a mota. Da damina ta kankama, ruwa ya shiga sabon gidan har ɗaka, shanu suka tsaya cikin taɓo kofatonsu ya ruɓe. Babu wanda ya yi masa ƙarya, shi ne bai tsaya ya gani ba. Ya sayar da abin da ya rage ya koma kasuwarsa. Yanzu-yanzu bai taɓa mayar masa da ko kalma ɗaya daga cikin tsokanar da ya sha ba. Shi kuwa yana nan a kan tudu, ya sauya rufi, ya gyara bango, garkensa kaɗan ne amma ko a shekarar da ruwa ya yi jinkiri ba ya binne dabba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Gaskiyar mai sayarwa ba ta cika da rashin yin ƙarya kawai, sai ya nuna aibin da ya sani ko da ba a tambaye shi ba. Haƙurin mai saye kuma ba a gane shi a ranar da aka tilasta masa jira, sai a ranar da aka buɗe masa gajeriyar hanya marar kyau ya ƙi bi. Saboda haka, in za ka sayi gida ko filin kiwo, kada ka sa hannu sai ka gan shi a lokacin da ya fi muni. In kai ne mai sayarwa, ka kama hannun mai saye ka kai shi wurin aibin da kanka.